Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista Daga 'Yan Kasuwar Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Minista, wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, iyayenmu sarakuna, malamanmu, 'yan uwa 'yan kasuwa maza da mata, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa birnin Shehu. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya muna ƙirga shi ba, kuma duk wanda ya bar Abuja ya shigo ranar Sakkwato don ya saurari 'yan kasuwa ya gama nuna mana ko shi waye. Allah shi ƙara girma, Allah shi ja zamaninka.

Kwamitinmu ya zauna dare uku kan wagga takarda, kowa da kukansa, amma daga ƙarshe bakinmu ya zo ɗaya a kan abu guda, kuma da shi za mu fara tun kafin ruwan da anka kawo maka ya huce. A cire mana shingayen karɓar haraji a kan hanya. A ba mu rasit ɗaya wanda in an biya a Illela ko nan Sakkwato zai kai kaya har Legas ko Anaca ba a sake tare mota ba.

Ranka ya daɗe, mu ba baƙin kasuwanci ba ne kuma ba baƙin haraji ba ne. Tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa wanga gari a 1809 fatake ke shigowa da gishiri da kanwa da goro, su fita da tufafi da fata. Fatar jar akuyarmu ta ratsa Sahara a bayan raƙumi ta isa kasuwannin Turai, can anka sa mata suna fatar Maroko, majemanmu sunka sha wahalar jima, madunkanmu sunka yi ɗinki, suna ya tafi ga wasu. Har yau abin na ci mana rai, don har yau ɗin mafi yawan fatarmu sai ta bar jihar nan kafin ta yi daraja.

Zancen haraji kuwa Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga kowa. A cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a hannun masu sayarwa a kasuwa cikin zaluncin da ya tashi kawarwa. To mu jikokin waɗanda sunka ji wannan karatu ne, shi ya sa in mutum ya tare hanya ya ce a biya, mukan tambaye shi da wace hujja. Turawa sunka ci garin nan a watan Maris na 1903, haraji da jangali sunka koma hannun En'e, kakanninmu sunka biya da gyaɗa da auduga da shanu. Amma da anka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, kuma yau kusan shekara ɗari jirgin ƙasa bai taɓa yin kuka a Sakkwato ba. Duk buhun da zai fita garin nan a bayan mota zai fita, wannan ne ya sa shinge ya fi cutar da mu fiye da kowa.

Bayan 'yancin kai a 1960 mun ga haske, ba za mu yi butulci ba. Zamanin Sardauna anka kafa kamfanin siminti a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, yau yana hannun kamfanin BUA kuma ya ƙara girma, simintin Sakkwato na gina gidaje har cikin Nijar. Dam ɗin Goronyo da anka gama a 1984 ya raya noman rani, shinkafa da albasa da tafarnuwa. Sai guguwa ta biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. An rufe boda a Agustan 2019 sai Disamban 2020 anka buɗe Illela, a tsakanin nan harajin VAT da ake ɗorawa kan kayan saye ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Gobara ta ci babbar kasuwarmu a Janairun 2021, akwai mutane zaune a ɗakin nan da sunka kwana da shago sunka wayi gari da toka. A 2023 kuma ga ƙarancin takardar kuɗi, ga cire tallafin mai, ga sake rufe boda bayan juyin mulkin Nijar, Illela da Birnin Ƙonni da suke kamar ɗaki da falo sai ga shi kanwa da dabino da raguna sun tsaya cik har Maris na 2024. Duk wannan mun shanye, ba mu daina biyan haƙƙin hukuma ba.

Amma shinge, ranka ya daɗe, shinge ya ishe mu. Albasa ba siminti ba ce. Manomi a Gwadabawa ko Wurno ya yi wata da watanni yana ban ruwa, ya adana ta a rudu yana juya ta yana tsince ruɓaɓɓu, ɗan kasuwa ya saya ya biya la'ada ya biya 'yan dako ya biya kuɗin kasuwa, a loda tirela. Da ta kama hanya sai ka ga an jefo katako mai ƙusoshi gaban taya, samari da sanduna da riga mai kyalli, wannan ya ce kuɗin amfanin gona, na gaba ya ce sitika, na gabansa ya ce rasit ɗin baya ba na yankinsu ba ne. In direba ya yi gardama a cire masa madubi ko a ajiye shi cikin rana. Wani dattijo a kwamitinmu ya zo mana da damin rasit ɗaure da roba na tafiya ɗaya tak, ga shi nan kan tebur gabanka, don Allah ka kwance ka duba da idonka. Motar da anka tara wa waɗannan takardu ta isa kudu buhuna na tsiyayar ruwa, ƙasan lodi ya zama kunu, wari ya hana dillalai matsowa, shi kuwa bashi ya ci ya yi lodin. Wallahi da yake ba mu labari sai da muryarsa ta sarƙe.

Kuma ba sabuwar doka muke roƙo ba. Tun 1998 dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Mun kuma ji daɗin dokokin gyaran haraji da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Yunin 2025, to muna son mu ga alamarsu a kan kwalta, inda direbanmu yake. Ka tara gwamnonin jihohin da hanyar ta ratsa da jami'an tsaro a tsayar da rasit ɗaya, a buga kuɗinsa kowa ya sani, a ba mu lambar waya da direba zai kira in an tare shi kuma a samu mai ɗauka. Za mu biya, mu da kanmu za mu kamo wanda ya ƙi biya a cikinmu.

Sauran buƙatu a taƙaice: masana'antar jima ta zamani don fata ta bar nan a matsayin takalmi da jaka, rumbunan ajiyar albasa, wutar lantarki ga maƙeran Assada da teloli da masu niƙa, da tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, inda kasuwannin ƙauye ke ci da fargaba. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da anka ƙaddamar a 2024 muna mata addu'a dare da rana, sai dai in anka gama ta sannan masu katako sunka koma kanta, to gudun me anka yi?

Ga 'yar tsarabarmu, titimin fata ɗinkin madunkan garin nan da buhun albasa ɗaya, a sa maka a mota. Damin rasit ɗin ma naka ne, ka tafi da shi Abuja ka ajiye a teburin shugaban ƙasa. In da hali, kafin ka tashi daga kujerar nan ka faɗa mana ranar da za a kira zaman gwamnonin, ko yau anka ce mu biyo ka a shirye muke.

Allah shi maishe ka gida lafiya, shi saka da alheri. Wassalamu alaikum.