Amsoshin Tambayoyinku: Kwana biyar a Jiddah a gidan amini

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar yau ta fito daga wani mai sauraronmu ɗan Katsina, wanda bayan ya kammala Umara ya sauka a Jiddah wurin amininsa, abokinsa tun suna makarantar allo. Ya ce saura masa kwana biyar jirginsa ya tashi, amininsa kuma direba ne da ba ya dawowa gida sai bayan Magariba, shi kuwa kunya ta hana shi cewa a fita da shi. Yana tambaya me ya kamata ya gani a birnin, kuma yaya zai yi ya gani ba tare da ya ɗora wa mai masaukinsa nauyi ba.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma shawararmu ita ce ka fara da tsohon gari, wanda mutanen Jiddah ke kira Al-Balad. Akasarin mutanenmu filin jirgi da kasuwar tsaraba kaɗai suka sani a Jiddah, abin da a ganinmu asara ce, domin tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, aka mai da garin tashar jiragen ruwa ta Makka. Ta nan kakanninmu suka bi, waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da bisa jakuna, suka ratsa Chadi da Sudan, wasu suna shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don tara guzuri, har suka kai Sawakin suka ƙetare Bahar Maliya. Idan ka tsaya a Bab Makka, ƙofar da ayarin alhazai ke fita ta cikinta su nufi Harami, ka sani cewa sawun mutanenka kake takawa. Ganuwar da ta kewaye garin an rushe ta a 1947, amma lungunan suna nan, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Ka ɗaga kai ka dubi gidajen da kyau. Da duwatsun murjani na bakin teku aka gina su, wasu hawa huɗu ko biyar, kuma tagoginsu na katako da ake kira rawashin an sassaƙa su ne yadda iska za ta shiga, na ciki ya ga waje, na waje bai ga na ciki ba. Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, wanda aka gama gininsa a 1881, kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa lokacin da ya shiga Jiddah a 1925. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiya, kuma za ka yi mamaki idan ka gane ta, don ba wata ba ce illa darbejiya, irin wadda ke ƙofar gidanku a Katsina. Daga nan ƙafa kaɗan ce zuwa kasuwar Alawi da Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan garin. Kada ka je da rana tsaka, zafin Jiddah mai gumi ne. Bayan La'asar garin yake farkawa.

Wuri na biyu bakin teku ne da dare, inda maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda ta fara aiki a 1985, ke cilla ruwan teku sama fiye da mita 250. Kallonta ba ya buƙatar ko riyal ɗaya.

Game da amininka kuwa, Malam, kunyar nan ba za ta amfane ku ba. Ka tambaye shi ranar hutunsa, wadda ga mafi yawan ma'aikata Juma'a ce, ka ajiye Al-Balad don wannan rana, saboda da ɗan gari akan ci gari, kuma yawo da wanda kuka yi ƙuruciya tare ya fi kallon gini daɗi. Sauran ranakun ka hau tasi da kuɗinka, ka riƙe fasfonka da adireshin gidan a rubuce da Larabci. Mun san al'adarmu, zai rantse ba za ka biya komai ba, amma mutumin da ke biyan haya yana kuma aika kuɗi gida bai kamata baƙonsa ya zame masa bashi ba. Ka riga shi biyan kuɗin abinci ko da sau ɗaya ne.

Abu biyu kuma muke so ka kiyaye. Kada ka ɗauki hoton mutane ba da izininsu ba, musamman mata, domin laifi ne da ake cin tara a kansa. Sannan idan dattawan gida sun ba ka labarin unguwannin da 'yan Afirka suka daɗe suna zaune, irin su Karantina da Sabil, ka tambayi amininka kafin ka kama hanya, saboda rusau da aka fara a 2021 ya shafe da yawa daga cikinsu, mazauna kuma sun watsu zuwa wasu sassan birnin. Ka gaishe mana da shi da iyalinsa, Allah Ya maishe ka gida lafiya.