Darasi: Tawadar zoɓo da littafin lambun damina

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, barkanmu da ruwa. Daren jiya an tafka shi kamar da bakin ƙwarya a nan wajenmu Gwammaja, shi ya sa kuke ganin tsakar gidan sharkaf. Auta, ɗan ɗaga wayar su ga lambun tukuna. Yauwa. Ga kuɓewa a buhunan siminti, ga yakuwa da rama a jikin katanga, alayyahu na cikin tsohon bahon can, kabewa kuma ta haye rufin ɗakin girki abinta. Wancan dogon zogale ne, shekararsa 3. Ba zan tsaya kan haɗa ƙasa da taki ba, mun yi wannan tun farkon damina, kuma yawancinku kun fi ni sanin sa.

Yau aikin littafi za mu yi. Wannan da ke hannuna shi nake ce wa littafin lambu. Duk abin da ya tsiro, duk baƙon da ya shigo, tsuntsu ne ko ƙwaro, in zana shi, in rubuta kwanan wata a gefe. Kuma launin da nake sawa yawancinsa daga kicin yake fitowa. Shi za mu haɗa yanzu, sannan mu zana furen kuɓewa kafin ya rufe, domin shi wannan fure yini ɗaya gare shi, da safe ya buɗe, kafin la'asar ya yanƙwane. Saboda haka sai mun ɗan yi sauri.

Ga busasshen zoɓo, baƙin nan mai duhu, cikin tafin hannu ɗaya. Na kasuwa ne, domin namu na gida sai da kaka zai yi. Ruwa rabin kofin shayi kawai. Ba na sha muke yi ba, kada ki cika ruwa. Ki bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya koma kamar cokali 4 ko 5, ki tace da tsumma mai tsabta. Ni na riga na dafa nawa tun da asuba, ga shi. Kun ga yadda ya yi kauri, har yana kama jikin cokali.

Sai ƙaro. Shi ne dai wanda almajirai ke sawa a tawadar allo, wanda ke sa baƙin ya zauna yana ɗan sheƙi. A Kasuwar Kurmi nake sayen nawa, wajen masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, ki zaɓi fari mai haske, wanda ba ɓawon itace a jikinsa. Na jiƙa shi tun jiya a ruwan ɗumi. Cokalin shayi 2 za mu... a'a, tsaya, wannan zoɓon kaɗan ne, ɗaya ya isa. In ƙaro ya yi yawa, shafukan littafin manne wa juna suke yi, musamman yanzu da iska ke da laima. Ɗaya. Sai in jefa kanumfari ƙwaya 2 a kwalbar, yana rage saurin fumfuna. Duk da haka kada ki haɗa mai yawa, na kwana 3 ko 4 ya wadatar, zoɓo ba tsada gare shi ba.

To, nan ne wurin da nake so ku ba ni hankalinku, domin ya wahalar da ni damina guda cur. Na raba zoɓon gida 3 a murafan kwalba. Na farko ban taɓa shi ba. Na biyu zan ɗiga masa lemon tsami, ɗigo 2. Kun gani? Ya buɗe, ya koma ja mai haske kamar na ɗanyen tattasai. Na uku kuma kanwa za mu sa. Amma ba gutsuren kanwa za ki jefa ciki ba, wannan shi ne kuskuren da na yi ta yi. Ki jiƙa kanwar daban, ki bari ta kwanta, sai ki tsoma tsinken tsintsiya a ruwan saman, ki taɓa zoɓon da shi. Taɓawa ɗaya. Ki juya. Auta, matso da kyau su gani. Ga shi ya fara komawa shuɗi-shuɗi. In na ƙara taɓawa ɗaya zai tafi wajen kore mai duhu. In na wuce nan, shi ke nan, sai ya zama ruwan ƙasa mara kyan gani kamar ruwan kwata, kuma ba ya dawowa yadda yake. Saboda haka tsinke, ba cokali ba. Tsinke. Ki taɓa, ki jira, ki duba, sannan ki ƙara.

Dalilin kuwa shi ne, jan da ke cikin zoɓo yana bin tsami da kanwa ne. Tsami ya ja shi wajen ja, kanwa ta ja shi wajen shuɗi da kore. Kuma abin da ban gane ba da farko, ita kanta takarda tana da nata hali. Farar takardar zamani da yawa akwai alli a cikinta, shi kuma alli ɓangaren kanwa yake. Sai ki shafa ja zur, ki je ki sauke tukunya, ki dawo ki tarar ya koma shunayya. Na ɗauka zoɓona ne ba kyau, na sake saye har sau nawa. Ashe takardar ce. Shi ya sa kullum shafin ƙarshe na littafina na gwaji ne. Ki shafa kowane launi a can, ki bar shi ya bushe sarai, abin da kika gani bayan ya bushe shi ne gaskiyar launin.

Rawaya kuma kurkur ne, wasu su ce gangamau, garinsa a ɗan ruwan zafi, a tace. Shi ma in kanwa ta taɓa shi ja-ja yake komawa, don haka burushinsa daban. Lalle yana ba da ruwan ƙasa mai kyau na zanen reshe da ƙasa. Baƙi kuma tawadar allo ce, ba ni da wadda ta fi ta. Akwai wadda ta tambaye ni shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata. Wannan aikin masu shi ne, sai an tsima shi kwanaki da toka a rijiyar rini, ba a murfin kwalba ake yin sa ba.

Mu je ga furen. Na tsinko ɗaya, ko da yake ba na son tsinka, kowane fure kuɓewa ɗaya ce. Ku dube shi. Kunnuwa 5, rawaya mai haske kamar man shanu, can cikin tsakiya kuma ja mai duhu. Duk wadda ta san furen yakuwa, ko na rama, ko na auduga, za ta ga kamar 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma haka ne, dangi ɗaya suke. Ni da fensir nake farawa, a hankali, ba dannawa. Da'ira ɗaya, ɗigo a tsakiya, sai in raba. Kunnuwan ba a jere suke gefe da gefe ba, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, kamar yadda ake naɗa zane. In kika kama wannan, furen ya fito.

Kurkur ɗin na tsinka shi da ruwa sosai. Burushi kada ya ɗiga, ki goga shi a bakin murfi. Shafa ɗaya, ki ɗaga hannu. Yanzu jan tsakiya. Kai, na yi gaggawa, rawayar ba ta sha iska ba, ga shi jan yana bin ta. Ba komai, bari in ɗauke da gefen tsumma. Ku dai ku jira minti 2 ko 3. Ko da yake, ku duba, yadda ya ɗan nashe ɗin nan haka yake a furen gaske, zan bar shi.

Kafin ya bushe bari in nuna muku shafukan baya, don ku san abin da ya sa nake wannan aiki. Wannan na farkon damina ne, shamuwa guda 2 da na hango suna wucewa ta sama. Tun muna yara in aka ga shamuwa an san ruwa ya kusa. Wannan jan gwada ne a kan katanga, yana gyaɗa kai, na yi kansa da kurkur da ɗan zoɓo. Mutane na korar ƙadangare daga lambu, kuma gaskiya yakan ɗan tsinki sabon tsiro, amma na zauna na ga yawan tururuwa da ƙananan fara da yake lashewa, sai na ƙyale shi, tsiron kawai nake kifa wa tsohon kwando har ya yi ƙarfi. Ga baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan, namijin ne mai jan, macen ruwan ƙasa ce. Kullum suna zuwa kaskon ruwa tare da kurciya. Kaskon nan kuma don Allah ku riƙa zubarwa kuna wankewa duk bayan kwana 2. Sauro cikin mako guda zuwa kwana 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kuma watan Agusta ne, kun san yadda zazzaɓi yake a gari.

Wannan shafin na fi so. Wata safiya na ga wani abu a ganyen ɗan lemon tsamina, baƙi da fari, na ɗauka kashin tsuntsu ne, har na kai hannu zan share sai ya motsa. Tsutsa ce. Na zana ta, na rubuta rana. Bayan kwanaki ta girma ta koma koriya shar, ga ta nan. Daga nan ta manne a reshe ta daina ci, ta zama kamar busasshen ganye. Ranar da ta fashe, ni da Auta muna tsaye, malam-buɗe-littafi ne babba, baƙi mai ɗigon rawaya, ya daɗe yana buɗe fiffike yana rufewa kafin ya tashi. Ganyen lemon da ta ci bai kai 10 ba. Wallahi da na murƙushe ta ranar farko, da ban taɓa sanin abin da ke zaune a gidana ba.

Ga kuma shafin da ya sa na daina feshi. Shekarar da ta wuce ƙwari suka dami kuɓewata, na je wani shago aka ba ni magani, aka ce in fesa da safe. Na fesa har kan kabewa, furanni a buɗe. Makonni kabewa na fure, 'ya'yan na fitowa kamar ƙwan kaza su yi rawaya su zube. Da na koma littafi sai na ga kafin feshin kusan kowace safiya na rubuta ƙudan zuma a furen kabewa, bayansa kuwa babu ko ɗaya. Ita kabewa furenta biyu ne, namiji da mace, macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi, kuma sai zuma ta ɗauko garin namijin ta kai mata sannan ɗan ya zauna. Abin ya yi mini ciwo sosai. Yanzu ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in yayyafa da yamma bayan zuma ta tafi. Sauran aikin kuma kwaɗin da ke kwana ƙarƙashin randa suna yi mini da daddare.

Af, masu tambayar littafin. Ni nake ɗinka su da hannu, takarda mai kauri ce da nake sarowa a Sabon Gari, ba ta lanƙwashewa in ta sha ruwa, bangon kuma ragowar atamfa ce. Akwai mai shafi 40, akwai mai 80. Akwai kuma dashen zogale da na lemon tsami a leda ga na cikin gari, ku yi magana ta lambar da ke ƙasan bidiyon nan. Amma wadda ba ta da hali kada ta ce sai ta saya, bayan tsohuwar kalanda ma yana ɗaukar zoɓo da kyau, da shi na fara.

To ya bushe. Yanzu alƙalami. Na kara nake so, irin na makarantar allo, domin layinsa yana yin kauri yana yin siriri, irin na masu zayyana. Biro ma ya yi, sai dai ki tabbata takardar ta bushe ƙarau. Ba kowane layi nake bi ba, gefe ɗaya na kunne, ɗan jijiyoyi 2 ko 3, shi ke nan. Ganyen kuma da zoɓon kanwa, kun ga koren da ya bayar, mai duhu, irin na ganyen da ya ƙoshi da ruwa.

Ga wata dabara ta ado da yara ke so. Wannan kuɓewar ta tsufa, ta wuce miya, domin kwana 4 zuwa 6 bayan fure ake cire ta, in ta wuce sai ta yi itace. Na yanke ta a tsakiya, na goge yauƙin a tsumma, wannan gogewar dole ce, in ba haka ba sai ta zame. In dangwala a jan zoɓo, in buga a gefen shafi. Tauraro ke nan da 'yan ramukansa. In jera su har ƙasa.

Sai rubutu. Kwanan wata, an yi ruwa daren jiya, fure 6 suka buɗe, zuma ta zo wajen ƙarfe 7. Kada ki bar shafin a rana, launin zoɓo da kurkur suna koɗewa, a inuwa zai sha iska, sannan ki sa farar takarda a tsakani ki rufe. Auta, juyo da sauri, a hankali, kan yakuwa. Ƙoƙi-ƙoƙi ne, ga shi ya ɗaga hannuwa. Miƙo mini fensir ɗin. 'Yan uwa, sai mun haɗu a darasi na gaba, za mu yi matse ganye a littafi, ku tanadi ganyen zogale da na lalo da tsofaffin jaridu. Riƙe wayar haka, kada ki matsa kusa ya tashi.