Doctor Who zai sauka Legas: me za mu sa rai daga alƙalamin Inua Ellams?

Assalamu alaikum ƴan Maradi, mutanen unguwannin Zariya, Bagalam, Mokoyo da Sabon Gari, da samarin fada da ke kallona ana jiran shayi na biyu ya nuna. Daga Kadif nake muku magana, babban birnin Wales, garin da ake ɗaukar Doctor Who tun da aka farfaɗo da shi a 2005. Ranar Asabar mai zuwa, 10 ga Mayu 2025, za a saki kashi na biyar na zangon bana, mai suna The Story & the Engine. Ma'anar sunan ita ce Labari da Inji. A Legas labarin zai faru, kuma Inua Ellams ne ya rubuta shi, haifaffen Jos. Saƙonninku na murya sun iso. Wasu na jiran su ga Legas daga sama har ƙasa, wasu sun ce ai Gizo ne ya shiga talabijin ɗin Turawa. To ku gyara zama, mu ɗora wannan buri a kan yadda ake yin aikin.

Ga wanda bai saba ba: BBC ta fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jarumin, wanda ake ce wa Dakta, ba ɗan Adam ba ne, yana yawo cikin zamani da taurari a wani shuɗin akwati da cikinsa ya fi wajensa girma. Idan ya zo mutuwa sai jikinsa ya sabunta, da haka ake sauya ɗan wasa. Wanda ya riƙe matsayin a zangon 2025 Ncuti Gatwa ne, an haife shi a Kigali a 1992, ya girma a Sikotlan, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ja shirin a matsayin babban jarumi. Abokiyar tafiyarsa ta bana Belinda ce, Varada Sethu ke fitowa a matsayinta.

Yanzu marubucin. An haifi Ellams a 1984, iyalinsa suka bar Najeriya yana ɗan shekara 12, ya zauna Landan da Dublin. Mai waƙe ne, kuma marubucin wasan dandamali. Aikin da ya fito da sunansa shi ne Barber Shop Chronicles, da aka fara nunawa a babban gidan wasa na ƙasa a Landan a 2017. Labarin yini ɗaya ne a shagunan aski na birane shida: Landan, Legas, Akra, Kampala, Harare da Johanasbag. Kafin ya rubuta shi sai da ya zagaya shagunan ya zauna yana naɗar hirar mutane. Shi ma ya faɗa cewa tun yana ɗan shekara 10 a Najeriya yake kallon Doctor Who. A 2018 Malorie Blackman ta zama baƙar fata ta farko da ta rubuta wa shirin kashi, shi kuma yanzu shi ne namiji baƙar fata na farko.

Ku riƙe maganar shagon askin nan, domin taƙaitaccen bayanin da BBC ta fitar ya ce a Legas akwai wani Mai Aski mai iko, akwai duniyar da labari yake da ƙarfi, akwai kuma Gizo-gizo da saƙarsa ta ramuwar gayya. Ariyon Bakare ne zai fito a matsayin Mai Askin. Ni abin da nake gani ke nan: ɗaki ɗaya za a ba mu, da maza a zaune suna magana, kuma nan ne ƙarfin Ellams yake. Wanda ya zauna jiran tseren mota a kan gada zai tashi da fushi, alhali ba a yi masa alkawarin haka ba.

Dalilin kuwa kuɗi ne da lokaci. Gidan aikin shirin a wannan zango shi ne Wolf Studios Wales, nan cikin Kadif, kuma an ɗauki zangon bana tun tsakanin ƙarshen 2023 da tsakiyar 2024. An gama komai tuni, babu roƙon masoya da zai ƙara ko daƙiƙa ɗaya. Shirin ma ya saba aron wata ƙasa ta tsaya a madadin wata: kashin Rosa na 2018 labarin Amurka ne amma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi, kashin raba Indiya da Fakistan na shekarar kuma a Sifen. Saboda haka ku sa ran Legas ta gini: lungun kasuwa ɗaya, rumfuna, ƴan cika wuri, sai hoton birni daga nesa da za a haɗa da kwamfuta. Kuma ɗaki ɗaya ba rauni ba ne a wannan shiri. Midnight na 2008 kusan duk a cikin motar yawon buɗe ido ɗaya aka yi shi, Boom na bara kuma Dakta ya taka nakiya ya kasa motsi, kuma dukansu masoya na yaba su.

Sai dai shagon aski wuri ne mai wahalar ɗauka, kuma a nan nake so ku buɗe ido. Na farko madubi. Bango guda madubi ne, duk inda ka ajiye kyamara za ta ga kanta, ta ga mai riƙe da sandar makirfo, ta ga fitilu. Abin da ake yi shi ne a ɗaura kowane madubi a kan maƙala mai juyawa, a ɗan karkata shi kaɗan kafin kowane ɗauka, ko a cire shi gaba ɗaya idan kyamara za ta ba shi baya. Wanda ya kuɓuce sai a goge da kwamfuta, kuma kowane gogewa kuɗi ne da aka rage daga na dodo.

Na biyu gashi. Ana maimaita fage ɗaya sau da yawa, daga nesa, daga kusa, ta kafaɗar wannan, ta kafaɗar wancan, kuma ba a bin tsarin labari wajen ɗauka. Idan injin aski ya ci gashin ɗan wasa da gaske a ɗauka na farko, na biyu ya lalace, gashi ba ya dawowa kafin azahar. Don haka ake amfani da gashin saƙa da aka ɗinka a kan siririn raga, a tanadi iri ɗaya da yawa, kowanne a matakin aski daban, mai kula da daidaiton fage kuma na ɗaukar hoton kan kowa. Inda asiri ke tonuwa shi ne layin goshi da bayan kunne. Ku da kuke zama a kujerar mai aski kowace Juma'a, za ku gane layin da bai zauna ba kafin Bature ya gane.

Na uku ƙara. Injin aski na zuga a daidai inda muryar mutum take, don haka yawanci a kashe yake lokacin magana, daga baya a ɗora ƙararsa. Haka janareto, fanka, hon ɗin danfo, wato motocin hayar Legas, da kiran ƴan kasuwa. Idan mai haɗa sauti bai san Legas ba, zai ɗauko hayaniyar kasuwa ta ko'ina ya liƙa, sai hoton ya yi kyau amma wurin ya mutu. Akwai kuma haske: fatar baƙi tana son haske mai laushi da faɗi, idan an tsananta sai goshi ya yi ƙyalli, idan an rage sai fuska ta nutse. Kuma ina roƙon Allah kada a zuba mana launin ɗorawar nan da ake shafa wa duk hoton da aka ce Afirka ne, kamar kullum hazo ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsayi. Wasan dandamalin Ellams ya kusa awa biyu, mutum na iya kwashe minti biyar yana ba da labarin mahaifinsa. Kashin Doctor Who minti 45 ne zuwa 50, kuma a ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. Cire minti biyu ko uku na buɗewa kafin kiɗan shirin. Cire abin da zaren zangon, wato babban labarin da ke ratsa dukan kashe-kashen bana, zai ci, domin bana Dakta na fafutukar mayar da Belinda gida ranar 24 ga Mayu 2025, ga Misis Flood, wata dattijuwa mai ɓoyayyen sirri, da ke leƙowa a kowane kashi. Abin da ya rage wa marubuci bai kai yadda ake zato ba, kuma a ciki zai gabatar da mutane, ya kafa dokar duniyar, ya tsorata mu, ya warware. Marubutan dandamali a minti goma na ƙarshe suke tuntuɓe: sun kashe shafuka a kan hira mai daɗi, sai warwara ta zo a guje, wani ya tsaya yana bayanin abin da ya kamata a nuna mana.

Maganin wannan shi ne a kafa doka da wuri. Idan labari ne man da injin da ke cikin sunan kashin ke sha, to kafin minti na 15 mu san wane irin labari ke ba shi ƙarfi, me ke faruwa da wanda labarinsa ya ƙare, kuma me Dakta zai rasa idan ya ba da nasa. Idan an shuka waɗannan, ƙarshen zai zama girbi. Idan a minti na 40 ne wata sabuwar doka ta faɗo, an yi mana ha'inci, ko da kiɗan Murray Gold, mai tsara kiɗan shirin, ya sa mu hawaye.

Ku kuma sani sunan da ke kan allo ba shi kaɗai ya taɓa rubutun ba. Marubuci na miƙa tsarin labari, sai daftari bayan daftari, editan rubutu na mayar masa da gyara, a yi zaman da kowane sashe zai faɗi abin da zai iya da kuɗin da ke akwai, a yi karatun ƴan wasa a teburi, har lokacin ɗauka ana shigo da sababbin shafuka masu launi. A saman duka akwai Russell T Davies, shugaban shirin a wannan zango, wanda ya bayyana a littafinsa na 2008 cewa yana sake rubuta yawancin aikin marubutansa. Saboda haka idan kun ji hirar shago tana tafiya da gardama da tsokana da karin magana, ku ce Ellams ne. Idan maganar zaren zango ta kutso, wataƙila daga sama ta zo.

Mu dawo kan Gizo. Masoya da yawa na hasashen Anansi ne, gizo-gizon tatsuniyoyin Akan na Gana, wanda ya ƙetare teku da bayi har tsibiran Karibiyan. Mu ma muna da namu, Gizo mijin Ƙoƙi, mai wayo da kwaɗayi. Amma Legas ƙasar Yarbawa ce, kuma su kunkuru ne gwanin dabara a tatsuniyarsu, Ijapa, haka ma Ibo da Mbe. To in gizo-gizon Gana zai zauna a shagon Legas, dole labarin ya nuna mana yadda ya zo, in ba haka ba an koma dama Afirka wuri ɗaya. Ina da kyakkyawan zato a nan, domin Ellams ya taɓa haɗa allolin Yarbawa da na Girkawa a aikinsa na 2019, ya san kowanne da gidansa. Kada dai ku sa ran jin Hausa. Turancin Najeriya da burokin nake zato, da ɗan Yarbanci a gaisuwa. Ku saurari ko maganar na fita da nauyinta, ko kuwa an sake naɗa ta a ɗakin sauti an goge ta don kunnen Amurka.

Maganar lokaci. A zangon 2025 an riƙa sakin kowane kashi ƙarfe 8 na safe agogon Birtaniya a iPlayer, manhajar kallo ta BBC, a wajen Birtaniya da Ailan kuma a manhajar Disney+, da yamma BBC One ta nuna. A wannan watan agogonmu da nasu ɗaya ne, wato ƙarfe 8 na safe a Maradi. iPlayer a cikin Birtaniya kaɗai yake aiki. Daga wannan sa'a Facebook da TikTok za su cika da guntayen fage, don haka wanda bai samu gani da wuri ba ya kashe sanarwar zaurukan masoya har ya kalla. In za ku kalla a fada, ku haɗa wayar da sifika ko ku sa abin kunne, ku cika batir tun dare saboda ɗaukewar wutar bazara. Ranar Lahadi zan dawo mu bi shi fage-fage, kuma zan fara da tambayar a wane minti aka gaya mana dokar injin. Ku rubuta naku mintin ku turo mini. Sai mun haɗu.