Direban Da Ya Kaɗe Mutum Ya Gudu: Har Yaushe Doka Za Ta Jira Shi?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a nan gaba, iyayenmu direbobi da suka baro tasha suka zo, ɗalibai maza da mata, ina gaishe ku duka. An ba ni rabin awa in yi magana a kan wata ƙa'idar shari'a da ba kasafai ake tattauna ta a majalisa ba, wato wa'adin da doka take yanka wa hukuma ta gurfanar da mai laifi a gaban kotu, musamman direban da ya kaɗe mutum har lahira, ya taka mota ya ɓace.

Bari in faɗa muku abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Ina yaro, akwai wani dattijo mai sayar da rake a bakin titin unguwarmu. Wata rana bayan sallar isha'i mota ta kwashe shi, ba wanda ya ga lambarta. Da gari ya waye muka je wurin, abin da muka tarar shi ne takalminsa na roba ƙafa ɗaya, rake a warwatse cikin kwata, da fasassun gilashin fitilar mota. Babban ɗansa ya durƙusa ya tsince gilashin nan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gwangwanin madara. Na girma, na yi karatu, na dawo, gwangwanin na nan a kan tagar ɗakinsa. Na tambaye shi, Yaya, me kake yi da wannan? Ya ce, ko wata rana za a tambaya. To wannan "wata rana" tasa ita ce maudu'inmu. A ƙasashe da yawa doka ta sa mata iyaka.

Kada mu yi saurin zagin wannan iyaka, domin waɗanda suka kafa ta suna da dalili. Shaidu suna mutuwa, masu rai suna mantuwa, takardu suna ɓata. In yau aka ce da ɗayanku ya faɗi inda ya kwana wata Talata shekara 20 da suka wuce, wa zai iya? Wanda ake zargi bisa kuskure ba shi da yadda zai kare kansa bayan wannan tsawon lokaci. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina: an sa wa'adi ne domin a zaburar da hukuma, kada ɗan sanda da mai gabatar da ƙara su jefa fayil a durowa su kwanta barci. Ku riƙe wannan. An yi agogon wa'adin ne domin ya matsa wa hukuma. Tambayar ita ce, me ke faruwa in wanda ya yi laifin ya gane cewa agogon nan shi ma yana yi masa aiki?

Ku zo mu je Bankok, babban birnin Tailan. Da asubahin 3 ga Satumba 2012, wani matashi ɗan shekara 27, Vorayuth Yoovidhya, jikan attajirin da aka kafa kamfanin abin sha na Red Bull da shi, ya taho da mota ƙirar Ferrari a kan titin Sukhumvit. Ya daki wani ɗan sanda da ke kan babur yana bakin aiki, Wichian Klanprasert, motar ta ja shi a ƙasa, ya rasu. Direban bai tsaya ba. 'Yan sanda suka bi sawun man da ke ɗiga daga motar, sawun ya kai su har ƙofar gidan iyalin. Ku lura, wannan ba irin ta dattijon unguwarmu ba ce. An san motar, an san gidan, an san mutumin tun ranar farko. Da fari ma an yi ƙoƙarin miƙa wani ma'aikacin gidan a ce shi ne ke tuƙi, abin bai yiwu ba.

Sai aka shiga wasan jinkiri. A aika masa sammaci, lauyoyinsa su ce ba shi da lafiya, ko ya yi tafiyar kasuwanci, ko sun shigar da koke ana dubawa. Tuhumar gudun wuce ƙa'ida wa'adinta shekara ɗaya ce, ta faɗi a 2013. A watan Afrilun 2017, ana gab da fitar da takardar kama shi, ya bar ƙasar. A watan Satumba na wannan shekarar tuhumar ƙin tsayawa ya taimaki wanda ya kaɗe ita ma ta cika shekara biyar, ta faɗi. Ku ji wannan da kyau: laifin gudu ya mutu ne saboda mai gudun ya ci gaba da gudu.

Ba a nan ta tsaya ba. Ƙwararru sun fara ƙiyasta gudun motar a kan kilomita 177 a awa ɗaya. Daga baya aka sake lissafi, ya dawo 79, ƙasa kaɗan da iyakar 80 da doka ta sa. A kan haka, a watan Yulin 2020, aka ji cewa an janye tuhumar da ta rage, ta tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa. Jama'ar ƙasar suka fusata, har aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka dawo da tuhumar, aka ƙara da ta shan hodar iblis. Ita ma wannan ta faɗi a 2022. A watan Afrilun 2025 kotu ta yanke wa wasu tsofaffin masu gabatar da ƙara su biyu hukuncin ɗauri saboda hannunsu a karkatar da shari'ar. Tuhumar ƙarshe da ke kan direban wa'adinta shekara 15 ne, zai cika a watan Satumban 2027. Mutumin da ke da kuɗin zama a ƙasar waje ba ya buƙatar lauya ya ci masa shari'a. Kalanda kawai yake buƙata.

Yanzu mu koma Japan, inda matsalar ta zo ta wata fuskar. A can, ƙin tsayawa a ceci wanda aka kaɗe wa'adinsa shekara 7 ne. Kisa ta hanyar sakaci a tuƙi, shekara 10. Kisa ta hanyar tuƙi mai haɗari, kamar tuƙi cikin maye, shekara 20. Kisan kai da gangan kuwa, tun 2010 suka cire masa wa'adi baki ɗaya. A ranar 30 ga Satumba 2009, a garin Kumagaya da ke lardin Saitama, mota ta kaɗe wani yaro ɗan shekara 10 yana kan kekensa zai koma gida da yamma. Direban ya gudu, ba a san ko wane ne ba. Mahaifiyar yaron, ita kaɗai ke riƙe da shi, ta riƙa zuwa wurin tana tsayawa a bakin titi da takarda da biro, tana rubuta lambar motocin da ke wucewa, dubbai a kan dubbai, tana kai wa 'yan sanda. Iyaye mata da ke cikin ɗakin nan, ku auna wannan tsayuwa a zuciyarku. Shekara bakwai ta cika a 2016, tuhumar gudu ta faɗi. Ana saura kwanaki kaɗan shekara goma ta cika, a watan Satumban 2019, 'yan sanda suka sauya tuhumar zuwa tuƙi mai haɗari, wa'adin ya koma 2029. Ita kuma ta ci gaba da tattara sa hannun jama'a, tana neman a cire wa'adi gaba ɗaya a kan wanda ya kashe mutum da mota ya gudu.

Irin wannan ta sake faruwa a garin Beppu, shi ma a Japan. A watan Yunin 2022 mota ta daki ɗalibai biyu da ke kan babura a wurin fitilar hanya, ɗaya ya rasu, direban ya bar motar ya tsere da ƙafa. Sai a watan Yunin 2025 aka ƙara masa tuhumar kisan kai, wadda ba ta da wa'adi. Na yi murna da iyalan nan suka samu ƙarin lokaci, amma hanyar da aka bi ba ta kwantar mini da hankali ba. In sai an sauya wa laifi suna kafin a hana shi mutuwa, to haƙƙin mamaci ya rataya ke nan a kan ƙarfin kukan danginsa da yawan 'yan jaridar da suka zo. Wanda ba shi da uwa mai tsayawa a titi fa?

Abin da nake gani shi ne, gyaran ba ya buƙatar a rushe wa'adi duka. A dakatar da agogon a duk lokacin da mai laifi yake ɓoye. Wannan ba sabon abu ba ne. Dokar tarayyar Amurka ta ce wa'adi ba ya amfanar wanda ke gudun shari'a. Ita kanta Japan, in wanda ake zargi yana wajen ƙasar, ba a ƙirga kwanakin. Da Tailan tana da irin wannan a kan laifin tuƙi, da tafiyar 2017 ba ta saya wa kowa komai ba. Inda ba a san direban ba kuwa, kamar na Kumagaya, ra'ayina shi ne ƙirgar ta fara daga ranar da aka gano shi. Hukuma ba ta yi sakaci ba a nan, shi ne ya ɓoye kansa. A jihar Kalifoniya ta Amurka sun ɗan matsa, daga 2014 suka ba da har shekara 6 maimakon 3. Ƙari ne, amma har yanzu lamba ce da mai gudu zai iya zama ya ƙirga.

Ɗaliban shari'ar Musulunci sun san wannan muhawara tun da daɗewa. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Kundin dokoki na daular Usmaniyya ta Turkiyya da aka kammala a 1876 ya hana alƙali sauraron wasu ƙararraki bayan shekara 15, amma ya bayyana cewa shi haƙƙin kansa ba ya faɗuwa don zamani ya tsawaita, kuma wanda uzuri ya hana shi kai ƙara ba a ƙirga masa kwanakin uzurin. Wane uzuri ya fi a ce ba ka san wanda ya kashe maka uba ba?

Na ga Baba a can baya yana girgiza kai, kuma na san abin da zai ce. Zai ce, Malam, in ka tsaya a garinmu za a ƙone ka da motarka kafin ka buɗe baki. Gaskiya ne, Baba, kuma abin kunya ne a gare mu. Taron da ke dukan direba shi ke koya wa direba na gaba gudu, shi ke sa wanda aka kaɗe ya rasa motar da za ta kai shi asibiti. Amma wanda ya kuɓuce wa taro ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ce ga abin da ya faru, ku je ku ɗauko shi, daban yake da wanda ya kai mota gareji cikin dare aka buga ƙarfe aka yi fenti. Na farko ransa ya tsirar. Na biyu hujja ya binne, kuma a kansa nake magana.

A Nijar, da yake tsarin shari'arta daga Faransa aka gada, akwai wa'adin gurfanarwa a rubuce, don haka 'yan'uwanmu na can maganar ta shafe su kai tsaye. A Najeriya asalin ƙa'ida ita ce laifi ba ya tsufa, sai 'yan kaɗan da doka ta ware. Amma kada mu yi alfahari da wannan. Namu wa'adin ba a rubuce yake ba. Yana cika ne ranar da aka yi wa mai bincike canjin wurin aiki, ko ranar da dangi suka gaji da biyan kuɗin mota zuwa ofis, aka ce musu a bar wa Allah. Gilashin fitilar mota yana iya nuna ƙirarta, ɓurɓushin fenti yana iya nuna launinta, amma sai in an ɗauka an adana an rubuta. Na dattijon unguwarmu ɗansa ne ya tsince, ba jami'i ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya karɓa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo, an kuma kira la'asar. In mun dawo daga masallaci, Baba, kai za ka fara tambaya.