Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinar Ilimi A Taron Tsofaffin Ɗaliban Makarantarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinar Ilimi, ranki ya daɗe. Wakilin Mai Martaba, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Hajiya Firinsifal da mataimakanta, malamai maza da mata, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai da kuka cika rumfar nan har wasu na tsaye, sai ku 'ya'yanmu da jikokinmu da ke can baya kuna leƙe, kowa da kowa barkanmu da warhaka.

Hajiya Kwamishina, lale marhabin, sannu da hanya. Mun san teburinki cike yake da fayil, mun kuma san da kin ga dama da kin turo wakili ya karanto mana takarda ya shige mota, amma kika ce a'a da ƙafarki za ki zo, to mun gode, Allah ya saka da alheri. Tabarmar tamu ba wata mai faɗi ba ce, sai dai shimfiɗar fuska wannan kam ga ta nan kin gani tun daga bakin get.

Kafin in shiga magana bari in tona wani asiri. Ɗazu da aka tashi taken ƙasa na lura mu tsofaffi muryarmu ta danne ta yaran nan, su suna laluben baiti mu kuwa kamar jiya muka bar asambuli. Dalili shi ne da shi muka shigo fom wan a 1975, muna fom tiri zuwa fom fo aka canza mana a 1978 muka sha wahalar haddace sabo, sai ga shi a 2024 an dawo da namu na da. To kun ga yara, tsufa ma yana da ranarsa.

Ni 'yar ajin 1980 ce, kuma ƙungiya ta ɗora min in yi miki maraba in kuma ba ki labarin yadda gidan nan yake a da. Na san Bahaushe ya ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba zan ɓoye miki ba akwai ƙamshin gaskiya a ciki game da mu, amma ki yi haƙuri ki saurare ni, ba kuka na zo yi ba.

Ranki ya daɗe, karatun mace ba baƙo ba ne a ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864 ta bar jajis ɗinta da 'yan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Bokon ne ya zo mana a makare. A zamanin yayyenmu in yarinya ta yi ƙoƙari ana son ta yi sakandaren gwamnati sai a ɗauke ta tun daga nan har Ilorin, makarantar Sarauniya Elizabeth da aka buɗe a 1956, saura kuma a tura su makarantar horon malamai mata su fito da takardar shaidar malanta ta Giret Tu. Saboda haka lokacin da sakamakon kwaman entaras ya fito aka ce an ɗauke ni a nan, ba biki aka yi a gidanmu ba, shawara aka zauna. Kakata cewa ta yi ita ba ta ga abin da 'ya mace za ta je nema a gidan da babu uwa babu uba ba. Babana dai ya yi shiru ya sa aka rubuta sunana da farin fenti a jikin akwatin ƙarfe da bokiti, har da lambar da makaranta ta ba ni, kuma wallahi lambar nan har yau ban manta ta ba, alhali lambar wayata sai na duba.

Daren farko na yi kuka har na gode Allah. Gadon ƙarfe mai hawa biyu, aka ba ni sama, ni da ban taɓa kwana nesa da ƙasa ba, ga matiron tana zagaye da tocila tana cewa a yi shiru. Wadda ke ƙasana 'yar wani babban basarake ce, ta gefena kuma 'yar mai gadin asibiti, ta can ƙurya Kirista ce daga kudancin lardi, kuma duk yunifom ɗaya, bargo ɗaya, sandal iri ɗaya, ranar leba kowa lauje ɗaya a hannu. Abin da nake so ki riƙe a nan Hajiya shi ne gwamnati ce ta ɗauki nauyin duk wannan, littafi da abin rubutu da wurin kwana, har motar da za ta mai da mu gida in an yi hutu. Uban da ba shi da ko sisi bai da hujjar cewa talauci ne ya hana 'yarsa.

Ƙararrawa ce sarauniyar gidan nan, wani tsohon wilin mota ne rataye a bishiya, tun duhun asuba take tashinmu, salla, shara, layin famfo, asambuli, aji, hutun rana na dole, wasanni, firef na dare, a kashe fitila. Ranar Asabar insifekshan, Firinsifal za ta shafa yatsa a saman taga in ta ga ƙura duk ɗakin ya shiga uku. Siniyoyi kuma, to, ga su nan zaune a layin gaba sun zama hajiyoyi suna jan carbi kamar ba su ne suka sa mu kamun kunne ba, mun yafe muku amma ba mu manta ba.

Inda nake so in daɗe shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Malaminmu na kemistiri Ba'indiye ne, ta lissafi 'yar Filifin, na Turanci mutumin Ghana, ga 'yan bautar ƙasa da aka fara turowa tun 1973, duk a cikin makaranta suke kwana, in ba ki gane darasi ba da yamma sai ki ɗauki littafi ki je ki ƙwanƙwasa ƙofa. Ina tuna ranar da muka fara taitireshan a fom tiri, wato gwajin ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani har launi ya canza, mu biyu-biyu a kan buret ɗaya, dogon bututun gilashin nan mai lambobin awo, hannuna yana rawa ina sakin ruwan ɗigo-ɗigo ina kaɗa kwalba kamar yadda ya nuna, ba komai, ba komai, har na fara cewa nawa ya lalace, sai ɗigo guda ya faɗa ruwan nan gaba ɗaya ya juya launi a idona. Na ƙwala ihu. Malam ya zo ya duƙa ya daidaita idonsa da layin gilashin ya ce in karanta masa lambar, na karanta, ya ce ba haka ba, ki sauko da idonki daidai ƙasan lanƙwasar ruwan, sake. Sau uku ya sa na maimaita har lambobin suka zo kusa da juna. Daga baya na yi shekara talatin da ɗoriya ina haɗa magani a asibiti, kuma duk lokacin da na ɗaga sirinji zuwa saitin idona wannan duƙawar tasa nake gani.

Ba ni kaɗai ba. A lokacinmu shekara biyar ake yi a zana wayek, sakamako ya zo da Dibishan Wan, Tu, ko Tiri, ba a fara irin jarrabawar da yaran nan suka sani ba sai 1988. Watannin ƙarshe kafin jarrabawa mukan saci jiki bayan an kashe fitila mu lulluɓa da bargo da tocila, wasu su tsoma ƙafa a bokitin ruwa wai kar barci ya ɗauke su, matiron ta sani sarai sai ta riƙa yin tari tun daga nesa don mu ɓoye. Daga gidan nan 'yan mata suka wuce makarantar share fagen shiga jami'a ta ABU Zariya, wasu babbar kwalejin horon malamai ta ATC, wasu makarantar nas da ungozoma, mu muna cikin sahun farko-farko da suka san JAMB tunda a 1978 ta fara. Ki dubi rumfar nan ranki ya daɗe, akwai likita, akwai alƙaliya, akwai farfesa, akwai waɗanda suka riƙe ma'aikatu, amma mafi yawa malaman makaranta ne da ungozomomi da suka ƙare rayuwarsu a ƙauyuka, kuma in da ni ce mai raba lambar yabo da su zan fara. Kofunan dibet da kwiz da na wasanni suna nan a kabad ɗin ofis sun yi baƙi, a ba ni toka da tsumma in goge su da kaina.

Amma in kika tambaye ni babbar nasarar makarantar nan ba zan nuna miki kofi ba. Muna fom tiri wata ƙawarmu, wadda ta fi mu duka lissafi, aka aiko kawunta ya zo ya tafi da ita, an tsai da ranar aure. Mun ga ta fito da akwati a ka tana share hawaye da gefen ɗankwali. Firinsifal ɗinmu ta lokacin, Allah ya jiƙanta, ta fito ta ce a sauke akwatin nan, ta ba baƙo kujera da ruwa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce yarinya amanar hukuma ce a hannunta ba za ta sake ta ba sai da takarda. Washegari ta shiga motar makaranta ita da malamin addini suka nufi garinsu, suka faɗi gaban hakimi, aka kira uba, aka yi ta magana har la'asar. Abin da aka tsayar shi ne aure yana nan ba a fasa ba amma sai ta ajiye alƙalamin wayek. Haka aka yi. Ta gama, ta yi aurenta, mijin da kansa ya kai ta makarantar ungozoma, kuma matan yankinsu da yawa a hannunta suka haihu. Tana nan cikinmu yau, ba zan nuna ta ba don ta ce in na kira sunanta sai mun ɓata. Makarantar nan riƙe mu ta yi har muka gama, shi ke nan sirrin.

To me ya faru? Ba sai na koya miki aikinki ba. An ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, alheri ne babba, yaran da suka shiga firamare a shekarar suka iso ƙofar sakandare a 1982, daidai lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, kuma daidai lokacin da kuɗin mai ya ja baya gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Ɗalibai suka ninka, ɗakuna ba su ninka ba. A 1983 malamai 'yan Ghana suka tattara suka tafi, na Indiya da sauran ƙasashe suka bi baya da naira ta fara faɗuwa. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, kuma malaman da ke nan yanzu wallahi suna ƙoƙarin da mu ba mu ga namu sun yi ba, don su da hannu wofi suke yi.

Watan jiya na shiga ɗakin nan na gwaje-gwaje. Teburan suna nan, har inda wata 'yar ajinmu ta ƙona da asid yana nan, amma famfon gas ya bushe, na ruwa ma haka. Na tambayi wata 'yar SS tu ko ta taɓa riƙe buret, ta ce ta gan shi a zane a allo, kuma wai an ce za a fito musu da shi in jarrabawa ta matso. Yarinyar nan idonta kar, tambaya ɗaya na yi mata ta ba ni amsa uku. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Sai maganar katanga. Mu a zamaninmu waya ce kawai ta zagaye makaranta da wani dattijo mai gora da fitila, kuma barci muke har da munshari. Bayan Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, babu uwar da za ta kawo 'yarta makarantar kwana ta koma gida ta runtsa sai ta ga abin da ke tsare da ita. Yau ba kawu ne kaɗai ke zuwa ɗaukar yarinya ba, tsoro ma yana zuwa, kuma shi ba a kai shi gaban hakimi.

Saboda haka roƙonmu biyu ne tak, ba mu rubuto miki doguwar takarda da za ta kwana a fayil ba. A farfaɗo da ɗakin gwaje-gwaje da kayansa da ma'aikacin da zai kula da shi, a kuma ƙarasa katangar bayan ɗakunan kwana. Mu ma ba zuwa muka yi hannu rabbana ba, ƙungiya ta ɗauki gyaran laburare da littattafansa, kuma likitocinmu da malamanmu da suka yi ritaya sun yarda za su riƙa zuwa kowane zango suna zama da 'yan ajin ƙarshe.

Ranki ya daɗe, an ce gani ya kori ji. In an gama jawabai hedigel za ta yi mana jagora, mun roƙi Hajiya Firinsifal kar a share ko'ina fiye da yadda aka saba, makullin ɗakin gwaje-gwaje kuma yana hannuna tun safe don kar a ce ya ɓata. Za mu fara ta can, mu ɓullo ta bayan ɗakunan kwana, akwai ɗan yashi a hanyar sai a yi haƙuri da takalmi.

Muna miki maraba, Allah ya taya ki riƙo, ya mai da ke gida lafiya. Wassalamu alaikum.