Amsoshin Tambayoyinku: Sabon Albam da Hukuncin Masu Sharhi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Katsina. Wasiƙu biyu muka ɗauko a yau, kuma dukkansu a kan waƙar zamani suke.

Ta farko ta fito daga wata baiwar Allah a Ƙofar Sauri. Ta ce wani matashin mawaƙi da take sauraro ya fitar da sabon albam, ana ta jin waƙoƙinsa a gidajen biki da shagunan cajin waya, amma masu sharhi sun kushe aikin, sun ce muryar ta na'ura ce, baitocin kuma ba su da nauyi. Tana tambaya, tsakanin jama'a da masu sharhi, wa ya fi gaskiya?

To malama, ba abu ɗaya ɓangarorin biyu suke aunawa ba. Wanda yake gidan biki kiɗa yake bi, idan amshi ya zauna masa a baki buƙatarsa ta biya. Shi kuwa mai sharhi na ƙwarai zama yake yi ya saurari albam daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, yana duba jigon kowace waƙa, da salon sarrafa harshe, da yadda amsa-amo ya faɗa, ko ma'ana ce ta kawo shi ko kuwa an cusa kalma ne kawai don ƙarshen ɗango ya yi daidai. Yakan kuma lura ko waƙoƙin sun bambanta da juna, ko kiɗa ɗaya aka yi ta sauya wa riga. Waɗannan ma'aunai ba baƙi ba ne a wurinmu, domin manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun daɗe suna nazarin waƙar baka da su.

Batun muryar na'ura kuwa, abin da suke nufi shi ne manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997, aikinta kuma daidaita muryar da ta kauce wa kari. Amfani da ita ba aibi ba ne. Matsalar tana zuwa ne idan aka cika mata hannu, har kalmomi suka narke, mai sauraro ya kasa tsintar abin da ake faɗa, alhali Bahaushe tun asali magana yake nema a cikin waƙa. A nan ina ganin masu sharhin suna da hujja.

Inda nake rabuwa da wasunsu shi ne idan suka ɗauko yaro ɗan shekara ashirin, da albam ɗinsa na fari, suka ɗora shi a sikeli ɗaya da Alhaji Mamman Shata. Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka yi masa makwanci a Daura, ya haura shekara hamsin yana waƙa a gaban jama'a da kalangu da 'yan amshi. Wannan awo babu adalci a cikinsa, kuma ba ya koya wa yaron komai. Mai sharhin da ya cancanci a saurare shi shi ne wanda zai ce baiti kaza ya yi rauni saboda kaza, waƙa kaza kuma ta yi armashi saboda kaza. Don haka, malama, ki sake karanta abin da suka rubuta, ki ga ko sun kawo misali daga cikin waƙoƙin.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Daura, yana tambaya game da makin da yake gani ana ba albam ɗin mawaƙan ƙasashen waje, da kuma ko makin ne ke sa a ba su lambar yabo.

Malam, shafin Metacritic, wanda aka buɗe a 2001, yakan tattara sharhin jaridu da mujallu ya fitar da maki ɗaya cikin 100, mujallar Pitchfork kuma takan ba da nata daga 0 zuwa 10. Amma ba su ke ba da kyautar Grammy ba, wato babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka. Mawaƙa da masu haɗa kiɗa da injiniyoyin sauti, 'yan ƙungiyar Recording Academy, su ke jefa ƙuri'a. Jadawalin Billboard kuma, mai jera waƙoƙi da albam ɗin da suka fi tashe a Amurka, ciniki da yawan sauraro yake ƙirgawa. Wani lokaci ukun sukan haɗu a kan mutum ɗaya, kamar yadda ya faru da mawaƙiyar Amurka Billie Eilish, wadda ta fitar da albam ɗinta na farko a 2019 tana da shekara 17, ya hau saman jadawalin, masu sharhi suka yaba, sannan a Janairun 2020 ta lashe manyan kyaututtuka huɗu na Grammy a dare ɗaya. Sau da yawa kuwa kowanne hanyarsa yake bi.

Lokaci ya cim mana, a nan za mu dakata. Sauran wasiƙun da ke hannunmu za mu karanto su a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.