Daga Rinji Zuwa Binciken Aure

Malama Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurare. Daga Bauchi muke magana, ni da Malam Bala, kuma batunmu na yau shi ne bauta, wadda har gobe mutane kan sassauta murya idan za su ambace ta.

Malam Bala: Haka ne, Malama. A ƙarni na 19 sarakunan ƙasar nan sun riƙa kai hari kan al'ummomin da ba su miƙa wuya ba, har wasu suka haye duwatsu don tsira. Waɗanda aka kamo akan sayar da su, ko a aika da su Sakkwato cikin gaisuwa, ko a zaunar da su a rinji, wato ƙauyen bayi, suna noma gandun ubangidansu. 'Ya'yan da suka haifa a cikin bauta su ne cucanawa.

Malama Hadiza: Amma ai akwai hanyar fita, Malam.

Malam Bala: Akwai murgu, inda bawa zai yi sana'arsa yana biyan ubangidansa wani abu, yana kuma tara kuɗin fansar kansa. Dokar 1901 ta Lugga, Baturen da ya mulki Arewa, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, Turawa kuma suka ci Bauchi a 1902, sai dai ba a haramta bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Malama Hadiza: Wannan shekarar ce take tsaya mini a rai, domin iyayen kakanninmu suna raye a lokacin. Na san wata yarinya mai ilimi da natsuwa, an kai kuɗin gaisuwa, an kusa sa rana, sai wata tsohuwa a dangin yaron ta ce kakar yarinyar daga rinji ta fito. Shi ke nan aka fasa, alhali babu wanda ya kawo aibu ɗaya a halinta.

Malam Bala: Addini kuwa ya ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, kuma masu binciken asalin sun san ayar.

Malama Hadiza: Sun sani, Malam. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yarinyar ba ta taɓa jin labarin ba sai ranar, saboda mahaifinta ya ɓoye shi shekara da shekaru don kunya. Da ta tambaye shi sunan garin kakarta na asali, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ba a taɓa gaya masa ba.